Smash Hits: Tarihin Mujallar da Ta Raini Masoya Kiɗan Lantarki a Birtaniya

Smash Hits mujalla ce ta waƙoƙin zamani wadda kamfanin EMAP ya riƙa bugawa a Birtaniya daga 1978 zuwa 2006. Yara da matasa ne masu karanta ta, kuma tashenta ya zo daidai da shekarun da kiɗan lantarki ya mamaye rediyo da talabijin na ƙasar.

Kafuwarta

Nick Logan, tsohon editan jaridar New Musical Express, shi ne ya kafa ta. A lokacin, jaridun kiɗa na mako-mako irin su Melody Maker da Sounds a kan takardar jarida ake buga su, tawada na ɓata hannun mai karatu, kuma dogon sharhinsu na manyan samari ne. Ƙannensu kuwa ba a yi da su. Logan ya fito musu da mujalla mai takarda mai sheƙi, da hotuna masu launi na liƙawa a bangon ɗaki, da baitocin waƙoƙin da ake yayi domin yaro ya haddace. Fitowar farko ta shiga kasuwa a watan Nuwamba na 1978 ɗauke da hoton ƙungiyar Blondie. Da wata-wata aka fara, amma a 1979 ta koma fitowa duk bayan mako biyu saboda yawan masu saye.

Zuwan kiɗan lantarki

Sintesaiza na'ura ce mai madannai kamar fiyano, wadda ke samar da sauti ta hanyar wutar lantarki. Da farko sai mai hannu da shuni ke iya mallakarta. Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Dusildof a Jamus ta nuna abin da za a iya yi da ita tun a faifanta na Autobahn a 1974. Da kamfanonin Japan irin su Korg da Roland suka fito da masu araha a ƙarshen shekarun 1970, sai matasan garuruwan Ingila, waɗanda da yawansu ba su taɓa zuwa makarantar kiɗa ba, suka rungume ta.

A 1979 Gary Numan ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya har sau biyu, na biyun da waƙar "Cars". Bayansa ƙofa ta buɗe. Orchestral Manoeuvres in the Dark suka fito daga yankin Libaful, Soft Cell daga Lids, Depeche Mode daga Basildon ƙarƙashin kamfanin Mute na Daniel Miller. The Human League na garin Shefil suka rufe shekarar 1981 a matsayi na ɗaya da waƙar "Don't You Want Me", sannan a farkon 1982 Kraftwerk kansu suka kai wannan matsayi da "The Model".

Wasu masu sharhi na tsofaffin jaridu sun raina waɗannan mawaƙa, suna ganin kiɗan da babu jita da ganga ba kiɗa ba ne. Smash Hits ta karɓe su hannu bibbiyu. Shigarsu da askinsu da kwalliyar fuskarsu sun dace da shafi mai launi, mujallar kuma ta riƙa yi musu tambayoyin da yaro zai so ya ji amsarsu: abincin da suke so, gidan da suka tashi, faifan da suka fara saya. Ta haka ɗan shekara goma sha biyu a ƙaramin gari yakan san fuskar ƙungiya da tarihinta kafin ma ya ji waƙarta.

Ɗaya daga cikin ma'aikatanta ma ya shiga sahun mawaƙan. Neil Tennant ya yi aiki a mujallar daga 1982 har ya zama mataimakin edita, sannan ya bar ta a 1985 domin ƙungiyarsa ta Pet Shop Boys, wadda ta kai matsayi na ɗaya a farkon 1986 da "West End Girls".

Tashe da faɗuwa

Ƙarƙashin editoci irin su David Hepworth da Mark Ellen mujallar ta bunƙasa, har aka fara buga irinta a Ostareliya da Amurka a 1984. A ƙarshen shekarun 1980 ta kai ƙololuwarta, inda fitowa guda kan sayar da ɗaruruwan dubban kwafi. Daga nan ciniki ya riƙa ja baya. Gidan BBC ya fito da mujallar Top of the Pops a 1995, sannan intanet da wayar hannu suka sauƙaƙa samun baitoci da hotuna kyauta. EMAP ya rufe ta a watan Fabrairu na 2006.

Begen da ake yi mata

Masu karatunta na farko yanzu sun haura shekara hamsin. Da yawansu na adana tsofaffin fitowa, suna saye suna sayarwa, kuma shirin Synth Britannia da BBC ta nuna a 2009 ya ƙara farfaɗo da sha'awar mawaƙan wancan zamani. Abin da ya sa begen ya daɗe shi ne mujallar ta girmama zaɓin yara a lokacin da manya ke yi masa kallon shirme, kuma ƙungiyoyin da yaran suka zaɓa, irin su Depeche Mode da Pet Shop Boys, har yanzu suna cika filayen wasa.