Daga Zaure zuwa Dosiye: Yadda Ƙofar Jami'a ta Buɗe a Nijar

Da kwamitin wannan ɗan littafi na tunawa ya ce in rubuta tarihi, sai na tuna da ƙannenmu da suka samu bak bana, suna yawo da ambulan ɗin takardu a hammata. Kai mai ambulan, da kai nake. Layin da kake bi yana da tarihi.

Kakanninmu ba su san dosiye ba. Mai neman ilimi mai zurfi sai ya ɗauki buzunsa ya nufi Katsina, Kano, Zariya ko Sakkwato, ya zauna a zauren malami. Malamin ne zai dube shi, ya ji karatunsa, ya ce zauna ko koma ka ƙaro. In ya sauke littafi a ba shi ijaza, da sunan wanda ya karantar da shi da wanda ya karantar da malaminsa. Masu ƙarfin hali kuma su bi hanyar hajji har Azhar ta Masar.

Zuwan Faransawa ya kawo wata ƙofa, ƴar ƙarama ƙwarai. Babbar makarantar da ɗan Nijar zai yi burin shiga ita ce William Ponty a Senegal, da farko a tsibirin Gore, daga baya a Sebikotan. Da konkur ake shiga, kuma yaran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa duka suke takara. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Jori Hamani ya yi. Ka lura, a lokacin iyaye da yawa ɓoye ƴaƴansu suke kada a kai su lakkol. Ban ga laifinsu sosai ba. Makarantar da ta zo tare da aikin tilas da haraji, wa zai miƙa mata ɗansa da murna? Madarasar Sayi da aka buɗe a 1957, mai haɗa Larabci da Faransanci, ita ta fara rage wannan tsoro.

Har aka samu ƴancin kai a 1960 ba mu da jami'a. Wanda ya ci bak sai Dakar, Abijan ko Faransa, da burs ɗin gwamnati. Sai a 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin makamashin rana, wanda ya shugabance ta kuma ya rasu a 1991. Masu bak kaɗan ne a shekarun farko, don haka samun gurbi bai zama yaƙi ba, kuma mai diplom yana sa ran aikin gwamnati na jiransa.

Abin ya juya a shekarun 1980. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, masu ba da bashi na duniya suka matsa a rage kashe kuɗi, burs da ɗaukar aiki suka shiga cikin abin da za a taɓa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, wasu suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan su. In ka ji ƴan USN suna tunawa da ranar nan kowace shekara, ka san maganar shiga jami'a da zama cikinta an biya ta da jini.

Ga masu Larabci kuwa, Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka yanke shawarar kafa ta a taron ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974, ba ta buɗe ba sai 1986. Nan ne nake son mu tsaya kaɗan, don mafi yawanmu a ƙungiya muna da wa ko kawu da ya dawo daga Masar, Sudan, Libiya ko Madina da takarda mai nauyi, amma ofis ya ce sai an kimanta ta, sai an fassara, sai Faransanci. Mutum ya haddace Alƙur'ani, ya ƙware a fiƙihu, ya dawo yana sayar da littattafai a bakin masallaci. A ganina wannan asara ce ta ƙasa, ba tasa shi kaɗai ba. Don haka ke ƴar'uwa, kai ɗan'uwa, kafin ka karɓi burs na waje, tambayi ko za a amince da diplom ɗin in ka dawo.

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yanzu yarinya daga Mirriya za ta iya yin lisansi ba ta yi nisa da gida ba, kuma wannan kaɗai ya sa iyaye da yawa suka yarda. Tsarin ma ya koma lisansi shekara uku, masta biyu, sannan dokta. Sai dai ƙofar ta matsa gaba ne kawai: masta ba a shiga sai an tace dosiye, kuma makin shekarar farko, wadda muke wasa da ita, yana biyo mutum har can.

Ni abin da ya kusa kayar da ni bai ma kai maki ba. A takardar haihuwata, wadda alƙali ya yi don ba a rubuta ni ba da aka haife ni, an sa Mahamadou. A takardar bak kuma Mamadou. Wani ofis ya mayar mini da dosiye saura kwana huɗu a rufe. Sai da na koma garinmu, na nemo shaidu biyu, na kwana a tasha, na miƙa takardun ranar ƙarshe bayan la'asar. Fito da naka yau, takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da BEPC da bak, ka jera su a tabarma ka karanta sunanka harafi-harafi. In ka ga bambanci, zo ka same mu ranar Juma'a bayan salla, mu raka ka.