Steam

Steam manhaja ce ta sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, mallakar kamfanin Valve da ke Bellevue a jihar Washinton ta Amurka. An ƙaddamar da ita ranar 12 ga Satumba, 2003, domin aika wa masu wasannin kamfanin gyare-gyare kai tsaye. A 2004 Valve ya wajabta amfani da ita ga duk wanda ya sayi wasansa Half-Life 2, sannan a 2005 aka fara sayar da wasannin wasu kamfanoni a cikinta. A hankali sauke wasa ta intanet ya maye gurbin sayen faifai a shago.

Ƙananan masu ƙirƙira

Steam ta bai wa masu ƙirƙira masu zaman kansu damar isa ga masu saye ba tare da dillali ba. A 2012 aka buɗe tsarin Greenlight, inda jama'a ke zaɓar wasannin da za a karɓa. A Yunin 2017 Steam Direct ya gaje shi, kuma kuɗin saka wasa ɗaya dala 100 ne. Hakan ya sa wasanni sun yi yawa, har sababbin da suka fito a 2023 suka haura 14,000, yawancinsu ba sa samun masu saye da yawa.

Valve yana karɓar kashi 30 cikin 100 na ciniki. Tun ƙarshen 2018 kason yana sauka zuwa kashi 25 bayan cinikin dala miliyan 10, rangwamen da ƙananan masu ƙirƙira ba kasafai suke kai wa gare shi ba. Shagon Epic Games Store, mai gogayya da Steam, da aka buɗe a Disambar 2018, ya fara ne da karɓar kashi 12.