Daga Ɓoyon Yarinya a Rumbu Zuwa Neman Kuɗin Rajista

 Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, za ku ji guɗa tana tashi a gidaje: wance ta ci kiredit takwas, wance tara, har da Turanci da Lissafi. Amma da zarar an gama murna, maƙwabta sun watse, sai tsakar gida ta yi shiru, uwa ta dubi uba, uba ya dubi ƙasa. To, wa zai biya kuɗin gaba? A kan wannan tambaya ne nake so mu ɗan waiwaya yau, tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Za mu duba tarihin tallafin karatu, wato sukolashif, ga 'ya'ya mata masu ƙwazo a Arewacin Nijeriya, mu ga daga ina aka faro, kuma me aka koya a hanya.

Bari in fara da kakata, Allah ya jiƙanta. Takan ba mu labari tana dariya, wai ranar da dagaci ya aiko a rubuta sunayen yaran da za a kai makarantar boko, uwarta ta ɗaga ta cak ta jefa cikin rumbu ta rufe. A nan ta wuni, ƙaiƙayi yana cin ta, ba ta da ikon ko tari sai da 'yan aike suka bar unguwar. Kun ji yadda abin yake a da: karatu kyauta, littafi kyauta, abinci kyauta, amma ana gudunsa. Hukuma ce ke neman yarinya, ba yarinya ke neman hukuma ba.

Ba wai ilmin mace ne baƙo a wurinmu ba. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Abin da iyaye suka ji wa tsoro shi ne boko, saboda hannun da ya kawo shi, da kuma tunanin cewa yarinya za ta wuce lokacin aure ko tarbiyyarta ta lalace.

A shekarar 1930 ne aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Katsina da Kano, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Da yake talakawa ba su yarda ba, sai aka fara da 'ya'yan gidan sarauta da na ma'aikatan En'e, baitulmali kuma ya ɗauki nauyi. Abin da ake koyarwa bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi da ɗinki da tsabta da renon yara ba. A 1939 aka buɗe makarantar horar da malamai mata a Sakkwato. Amma ku lura da wannan: maza sun sami Kwalejin Katsina tun 1922, ita kuwa 'ya mace sai a 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe mata sakandare, wato makarantar Sarauniya Elizabeth da ke Ilori. Sama da shekara 30 ke nan tsakani. To yarinyar da ba ta sami sakandare ba, ta ina za ta ci sukolashif ɗin jami'a?

Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta shiga neman 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshi da asibitoci da kotuna, sai ta riƙa ɗaukar nauyin ɗalibai a gida da Ingila. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Matan da suka kai wannan mataki a lokacin ba su da yawa, amma 'yan kaɗan ɗin da suka haye sun nuna abin da ake asara. Ku dubi Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta yi karatun lauya a Ingila, ta zama mace ta farko lauya daga Arewa a shekarun 1960, ta kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, mace ta farko da ta hau wannan kujera a ƙasar nan.

Shekarun 1970 su ne lokacin yalwa. Kuɗin man fetur ya shigo, jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 kowace ta kafa hukumar ba da tallafin karatu tata. Gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejojin 'yan mata a garuruwa irin su Bakori da Kazaure da Bauci da Bida, a 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Jihar Kano ta ƙara da nata: a 1977 ta kafa makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin maza, sannan a 1981 ta buɗe ta 'yan mata a Taura. Jarrabawa ake yi a zaɓi masu ƙoƙari, gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan tsari ya nuna cewa 'yar manomi ma tana iya zama likita idan aka tsamo ta da wuri, aka kuma riƙe hannunta har bakin ƙofar jami'a. Iyayenmu da suka yi karatu a wancan zamani za su gaya muku cewa alawus ɗin ɗalibi yakan ishe shi, har ya aika wa gida da ɗan wani abu.

Amma duniya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Tallafin bai mutu a takarda ba, sai dai ya ƙanƙance, ya kuma riƙa zuwa a makare. A daidai wannan lokaci ne kuma iyaye suka fara sakin 'ya'yansu mata zuwa makaranta da yawa, domin sun ga amfanin malama da unguwarzoma 'yar gida. Kun ga abin ya juye ke nan. Da ana da kuɗi babu yarinya, yanzu ga yarinya babu kuɗi. Kuma duk gidan da kuɗin karatu bai isa kowa ba, mun san wanda ake cewa ya haƙura.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A 1991 wata Baturiyar Birtaniya mai suna Ann Cotton ta je wani ƙauye a Zimbabwe domin ta gano abin da ke hana 'yan mata zuwa sakandare. An sha gaya mata cewa al'ada ce, amma da ta zauna da iyayen sai ta tarar talauci ne kan gaba. A 1993 ta fara da ɗaukar nauyin 'yan mata 32, abin da ya zama ƙungiyar CAMFED, wadda daga baya ta iso har arewacin Ghana. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne, waɗanda aka taimaka wa sun haɗa kansu a ƙungiya tun 1998, suna ɗaukar nauyin ƙannensu da kuɗin aljihunsu. Shekara guda kafin kafa CAMFED, wato 1992, mata biyar masu riƙe da ma'aikatun ilmi a ƙasashen Afirka sun kafa ƙungiyar FAWE mai hedikwata a Nairobi, ita ma tallafin karatun 'yan mata yana cikin manyan ayyukanta.

A nan gida, a 2008 aka fara wani shiri a jihohin Bauci da Katsina da Neja da Sakkwato, da haɗin gwiwar UNICEF, na ɗaukar nauyin 'yan matan karkara da suka gama sakandare su yi NCE, bisa sharaɗin su koma ƙauye su koyar na shekara biyu. Dabarar tana da kyau ƙwarai, domin uba ya fi sakin 'yarsa idan ya san mace ce a gaban allo. Sai dai binciken da aka yi a kan shirin ya nuna cewa kuɗin yakan makara, wasu kuma sun gama ba a ɗauke su aiki da wuri ba. Daga 2012 kuma an yi wani makamancinsa a fannin lafiya a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda ake ba 'yan matan karkara shekara guda ta share fage kafin su shiga makarantun jinya da unguwarzoma. Wasu jihohin, Jigawa a cikinsu, sun tura 'yan mata karatun likita zuwa Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilu na 2023, sai da aka kwaso su karatu bai ƙare ba, aka shiga neman inda za su ƙarasa.

To, me wannan tarihi yake gaya mana? Ni abin da na fahimta shi ne, tallafi ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, lokacin zuwansa ma abin dubawa ne. Ina da ƙawa da muka gama sakandare tare, ita ce ta ɗaya a ajinmu tun daga aji ɗaya har shida. Ta sami gurbin karatun haɗa magunguna, ta cike takardar neman tallafi a wani ofishi, ta yi ta zarya. Ranar da sunanta ya fito a jerin waɗanda za a biya, an rufe rajista da wata uku, an kuma sa ranar aurenta. Ba auren ne laifi ba, tana zaune lafiya da 'ya'yanta. Amma ni da nake bayanta a aji ga ni na yi digiri ina magana da ku, ita kuwa har yau takardar samun gurbin tana ƙarƙashin akwatinta. Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista ihu ne bayan hari.

'Yan watannin nan da ke tsakanin fitowar sakamako da biyan kuɗin rajista, a nan ne muke zubar da haziƙanmu. Kuɗin da ake bukata a lokacin sau da yawa bai kai na kayan ɗaki ba: kuɗin fom, kuɗin mota zuwa wurin tantancewa, rajista, katifa, da ɗan abin da za ta ci a zangon farko. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, amma a sani bashi ne, ba kyauta ba, sai a karanta sharuɗɗansa da kyau.

Saboda haka ina kira ga hukumomin tallafi da su daidaita lokacin biyansu da lokacin rajista. Ina kira ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai mata da 'yan adashi da masu hannu da shuni: ku je makarantar unguwarku ku tambayi shugabar makaranta, wace yarinya ce ta fi ƙoƙari kuma ake tsoron za ta zauna a gida? Ku ɗauki ɗaya, ku je ku gaisa da iyayenta, ku zame mata jaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke kuma ƙanwata da kika ci jarrabawa, ki tanadi takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma da hotuna tun yanzu, ki riƙa tambayar malamanki, kuma duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ko ki same shi a keɓe kafin ya sa sunanki, ki gaya wa iyayenki nan take.

Kakata ta rasu ba ta iya rubuta sunanta da boko ba, amma ranar da zan tafi jami'a ita ce ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗin mota. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.