Daga Baitulmali Zuwa Asusun Tarayya: Tarihin Neman Kuɗin Ayyukan Jama'a a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda garuruwan Arewacin Nijeriya suka tashi daga biya wa kansu kuɗin makaranta da na tsaro, suka koma masu rubuta takardun neman taimako zuwa ga Gwamnatin Tarayya. Za mu fi ba da ƙarfi ga ilmi, domin shi ne fagenmu, sa'an nan mu taɓo tsaro da bincike da muhalli. Abin da muke son nunawa shi ne, kuɗin Tarayya ya faɗaɗa ayyuka ƙwarai da gaske, amma duk sa'ad da ya zo ba tare da an fayyace wanda zai riƙe aikin bayan an kafa shi ba, aikin kan zama maraya.

2.0 Zamanin Baitulmali

A farkon mulkin Turawa aka kafa baitulmalin En'e, aka fara da Katsina, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu. Haraji da jangali su ne ginshiƙinsa. Da farko En'e kan riƙe rabin abin da ta tara, daga baya manyan En'o'i suka kai ga riƙe kashi 70 cikin 100. Daga wannan kuɗi ake gina makarantun elementare, a biya malamai da 'yan doka da malaman daji, a haƙa rijiyoyi, a kula da ɗakunan shan magani.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. Makarantun ƙalilan ne, kasafin kuɗi kuma sai da amincewar Razdan. Talakawa sun sha wuya wajen biyan haraji, an kuma yi amfani da 'yan doka wajen musguna wa 'yan NEPU a shekarun 1950. Amma duk da haka, akwai abu ɗaya da ke fili: kowa ya san inda kuɗin ya fito, ya kuma san ƙofar da zai buga idan rufin makaranta ya yaye.

3.0 Juyin da Man Fetur ya Kawo

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali. Na farko, rarraba ƙasa zuwa jihohi 12 a 1967, wanda ya kawar da Gwamnatin Jihar Arewa. Na biyu, hauhawar farashin man fetur daga 1973, wadda ta tara dukiya a hannun Ikko. Na uku, gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi 301, ya kuma ba su kaso daga kuɗin Tarayya. Bayan wannan, a 1979 gwamnonin PRP, watau Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talaka ya sami sauƙi, amma ƙaramar hukuma ta ƙara zuba wa sama ido. Dokar rabon arziki ta 1981 ta ba Tarayya kashi 55 cikin 100, ƙananan hukumomi kuwa kashi 10.

4.0 Darasin U.P.E.

Babu misalin da ya fi shirin ilmin firamare kyauta ga kowa fito da wannan al'amari. Janar Yakubu Gowon ya yi shelarsa a Sakkwato a 1974, Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. Tarayya ta ɗauki nauyin gina azuzuwa da horar da malamai, jihohi suka zama wakilanta. An shirya karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. A ƙauyuka da dama na Arewa, wannan ne karo na farko da aka ga allo da alli.

To, amma tsarin mulki na 1979 ya mai da nauyin firamare ga jihohi da ƙananan hukumomi, Tarayya ta janye hannunta. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, malamai a jihohi da yawa suka yi watanni ba albashi, wasu jihohin kuma suka dawo da kuɗin makaranta. Daga nan aka shiga kai-komo: a 1988 aka kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar, a 1993 aka sake dawo da ita. Cikin shekara biyar, malamin firamare ya sauya ubangida sau uku.

Shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya nemi gyara wannan kuskure. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, bisa sharaɗin jiha ta kawo daidai abin da take nema kafin a ba ta. Hikimar ita ce, wanda ya sa nasa ba ya bari a lalata. Abin mamaki, sai aka riƙa samun biliyoyin naira na kwance shekara da shekaru, saboda wasu jihohi sun kasa kawo nasu rabon, alhali yara na zaune a ƙasa. Wannan ya nuna cewa wani lokaci ba rashin kuɗi ne matsalar ba, rashin ɗaukar aikin a matsayin na kai ne.

5.0 Tsaro, Bincike da Muhalli

Ta fuskar tsaro, daga 1968 aka fara narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya, tsarin mulki na 1979 da na 1999 kuma suka tanadi runduna ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. An yi haka ne don gudun zaluncin da aka gani a baya. Sai dai sakamakonsa shi ne, hakimin da ɓarayin daji suka addabi ƙasarsa ba shi da abin yi face ya kai kuka, a yi ta miƙa kukan har ya isa babban birni. Kafa rundunonin sa-kai na hukuma a Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 alama ce ta cewa jihohi sun gaji da jira.

Ta fuskar bincike, labarin ya ɗan bambanta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta faro ne a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta Arewa, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Tarayya kuma ta karɓi jami'ar a 1975. A 1993, bayan gwagwarmayar malaman jami'o'i, aka kafa asusun harajin ilmi da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda dokar 2011 ta keɓe shi ga manyan makarantu. Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilmi mun ga amfaninsa a gine-gine da ƙaro karatun malamai. A ganinmu, dalilin nasararsa shi ne yana da tushen kuɗi sananne da ƙa'idar nema sananniya. Illarsa kuwa, wasu jihohi sun mai da shi madogara, suna kafa makarantun da ba za su iya riƙewa ba.

Ta fuskar muhalli, farin 1972 zuwa 1974 ne ya farkar da hukuma. A 1973 aka kafa hukumomin raya kogunan Sakkwato-Rima da tafkin Chadi, a 1976 aka kai adadinsu 11. Dokar 1981 ta ware kashi 1 cikin 100 don matsalolin muhalli, irin su zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Amma a nan ma akwai izina. A madatsar ruwa ta Bakolori, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta neman diyya, har ta kai ga 'yan sanda sun buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka. Aiki ne da aka tsara domin jama'a, ba tare da jama'a ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna iya fitar da darussa uku. Na ɗaya, kuɗin gina abu daban, kuɗin riƙe shi daban. Duk takardar neman taimakon da ba ta faɗi wanda zai biya albashi da gyara bayan shekara goma ba, rabin takarda ce. Na biyu, taimakon da ke da doka da ƙa'ida ya fi wanda ya dogara ga sanayya da alfarma ɗorewa. Na uku, jama'ar da ba ta sa hannu a aiki ba, ba ta jin zafin lalacewarsa.

Ba muna kira a koma ga zamanin haraji ba ne, ba kuma muna cewa neman kuɗin Tarayya abin kunya ne ba, domin dukiyar ta kowa ce. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Amma tarihin 1991 ya koya mana cewa miƙa nauyi ga ƙaramar hukuma ba tare da ƙwararrun ma'aikata da bin bahasin kuɗi ba, sauya wurin matsala ne kawai. A nan ne aikinmu yake. Kwalejojin ilmi ne ke yaye shugabannin makarantu da sakatarorin ilmi, don haka ya wajaba mu koya musu ƙidayar ɗalibai ta gaskiya, da tsara kasafi, da ba da bayanin abin da aka kashe a gaban iyayen yara. Garin da ya san bukatarsa da alƙaluma, ya kuma aje nasa kason komai ƙanƙantarsa, haƙƙinsa yake nema, ba bara yake yi ba. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.