Yadda Aka Fara Tattalin Data a Intanet

A tsakiyar shekarun 1990, ta layin tarho ake shiga intanet, da modem mai gudun kilobit 28.8 a daƙiƙa, har hoto ɗaya yakan riƙa saukowa layi-layi mutum na zaune yana jira. Wannan ƙuncin ne ya sa masu kula da sabar suka rungumi dabaru biyu: a matse fayil kafin a tura shi, sannan a hana burauza sake ɗauko abin da ta riga ta ajiye. Manhajar matsewa ta gzip, Jean-loup Gailly da Mark Adler ne suka fitar da ita a 1992, saboda wadda ake amfani da ita a lokacin ta dogara da dabarar LZW, wadda haƙƙin mallakarta ke hannun kamfanin Unisys a wancan zamanin. Aikin gzip farautar maimaici ne: duk inda jerin haruffa ya sake bayyana, sai ta sa 'yar alama mai nuna inda ya gabata. Da yake rubutun HTML cike yake da maimaici, yakan ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ita kuwa ajiya, ƙa'idar HTTP/1.0 ta 1996 ta ba sabar damar sa wa fayil wa'adi, idan burauza ta tambaya ko ya canza, in bai canza ba a amsa mata da lamba 304 kawai, wato yana nan yadda yake. HTTP/1.1 ta 1997 ta ƙaro Cache-Control da ETag don kyautata ajiyar.

Wasu na ganin da zuwan 4G da wayoyin faiba wannan tattali ya zama tsohon yayi. Amma da hanya ta faɗaɗa, kaya ma sun ƙaru, shafin da a da 'yan kilobait ne yanzu ya haura megabait, shi ya sa Google ya fito da Brotli a 2015 don ya fi gzip matsewa. Kuma mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san zafin kowace megabait, dalilin da ya sa Opera Mini, wadda ke matse shafi tun kafin ya iso waya, ta samu karɓuwa sosai a Najeriya.

Masu kukan cewa ajiya na nuna wa mutane tsohon shafi suna da gaskiya, sai dai an daɗe da gano maganin: a ba hotuna da fayilolin CSS wa'adin shekara guda, duk wanda aka gyara a sauya masa suna. Harin BREACH na 2013 ma ya nuna matsewa na iya tona bayanan sirri, amma a shafukan da ke ɗauke da sirrin ne ake taka-tsantsan, sauran kuwa ba ruwansu. Saboda haka mai shafin da ya bar sabarsa babu matsewa babu ajiya, baƙinsa ne ke biyan kuɗin sakacinsa.