Ilimin Manɗiƙi

Manɗiƙi fanni ne na ilimi da ke nazarin ƙa'idojin kafa hujja da rarrabe ingantaccen dalili daga gurɓatacce. Tushensa na tsohuwar Girka ne. Masanin falsafa Aristotul (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, AS), wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, shi ya fara tsara shi. Ya kafa makarantarsa ta Lisiyum a birnin Atina a shekarar 335 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga baya aka tattara littattafansa shida na wannan fanni da sunan Organon.

Ginshiƙin fannin shi ne ƙiyasi, wato a jera magana biyu su haifar da sakamako. Misali: kowane ɗan Adam mai mutuwa ne, sarki ɗan Adam ne, ashe sarki ma mai mutuwa ne.

An fassara littattafan Organon zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, inda Hunainu ɗan Is'haƙa (ya rasu 873) da ɗansa suka yi fice a aikin. Alfarabi da Ibn Sina sun faɗaɗa fannin.

Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi wallafa a manɗiƙi, ya kuma kare halaccin karanta shi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar. Sullam, waƙen Ahdari na ƙarni na 16, na cikin littattafan da ake karanta fannin da su a zaurukan malamai.