Daga Rumbun Gandu zuwa Naira Dubu Biyar: Riƙon Tsofaffi a Kudancin Kano

Da asubahin hunturu a ƙauyukan Doguwa, lokacin da sanyi ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, akwai aikin da ba a jiran a tuna wa kowa. Jika zai ɗebi garwashi a kasko ya kai ɗakin kakarsa, suruka ta sirka ruwan alwala a buta, a dama koko mai ɗan kauri saboda haƙora sun yi ban kwana da tuwon masara. Babu ma'aikacin jinya a nan, babu takardar da aka cike. Haka ake riƙon tsoho a Bebeji da Kiru da Tudun Wada tun kafin a san kalmar fansho.

A da, asusun wannan hidima shi ne gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Hatsin gandu rumbun maigida yake shiga, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya wa 'ya'yan haraji, ya yi musu auren fari. Idan ƙarfi ya ƙare, babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, amma gonar tana nan da sunan tsoho, kuma wannan ne ke sa a saurare shi. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta fitar da littafi a kan wannan tsari a 1972. Tsohuwa kuwa, tata garkuwar ita ce jikar da aka ba ta riƙo, wadda take tsokana da “kishiyata” alhali ita ke share mata ɗaki.

Wanda ba shi da ɗa, zakka ce gatansa: dami ɗaya cikin goma idan amfanin ya kai nisabi, sai zakkar fidda-kai da ƙaramar salla, sai ɗan kwanon ciyayya daga maƙwabta. A zamanin Daular Usmaniyya masu sarauta ke tara zakkar hatsi. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta wuce ta ci Kano a ranar 3 ga wata. Ba a jima ba aka cusa zakka cikin harajin da ake biya da kuɗi, yana zuba a baitulmalin En'e, inda ake fitar da albashin hakimai da alƙalai. Rabon gajiyayye daga hukuma a wancan zamani bai wuce a yafe masa haraji ba.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai biyan harajin ɗa yana cikin igiyoyin da ke ɗaure shi a gandu, ga shi ci-rani da aikin birni sun riga sun fara sassauta sauran. Mutanen Bebeji sun ga wani abin kafin nan. Dam ɗin Tiga, da gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974, ya shanye gonaki da garuruwa, aka mayar da mutane sabon matsuguni. Saurayi na iya komawa kamun kifi ko noman rani a Kadawa. Dattijon da gonar gadonsa ke ƙarƙashin ruwa ba shi da sauran abin da zai riƙe 'ya'yansa da shi.

Kuɗin gwamnati kai tsaye sun zo a makare, kuma yawanci ba da sunan tsufa suka zo ba. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Dokar fansho ta 2004 ta masu albashi ce, ba ta san manomi ko mai kaɗi ba. Jihar Ekiti ce ta gwada wani abu daban a 2011, ta riƙa ba 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata.

Wannan adadi ne ya iso ƙauyukan kudancin Kano a mulkin Buhari: naira 5,000 a wata ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000, galibi a hannun matar gida. Wani kaso ya fito ne daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Shirin na gida ne gaba ɗaya, don haka kaka sai ta yi layi da kuɗin makarantar yara da na magi. A 2018 aka sa hannu kan dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, cibiyar ta soma aiki a Abuja a 2021. Abuja kuwa da nisa daga Kiru.

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta yi alkawarin naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da ministar jinƙai, Betta Edu, don bincike. Da aka dawo da shi, sharaɗin ya zama lambar NIN da asusun banki ko na waya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba yanzu sai jikan nan mai kai garwashi ya goya ta a babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, a ɗauki hotonta, a danna yatsun da kaɗi da sussuka suka shafe wa zane. Kuɗin man babur ɗin daga aljihun ɗanta yake fitowa, ko sunanta ya fito ko bai fito ba.